Muryar mai labarai daga but take fitowa, ya ake saita kurosoba tsakanin wufa da sifikun ƙofa?

Ɗan Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilimin sauti a taimaka min da shawara, don abin nan ya fara ci min tuwo a ƙwarya. Corolla ce da ni 2006, sati uku kenan na shiga kasuwa na sayi wufa, wato babbar sifikar bes, inci 12 da akwatinta irin mai rami ɗin nan a gefe, da 'yar amfilifaya mono, na kai wa wani rewaya a unguwarmu ya haɗa min. Sifikun ƙofar gaba inci 6.5 ne, bara na canza su, na baya kuma 6x9 ɗin nan ne na kan kantar bayan kujera, duk huɗun rediyo ne ke tura su kai tsaye, wufar ce kaɗai ke kan amfi.

Ranar da aka haɗa kam na ji daɗi don motar har rawa take, yaran layi suka taru ana ta kai oga ka gama da kowa. Amma da na fara yawo da ita sai na ga wani abu daban. Na farko in na kunna labarai da safe ko ina jin tafsiri, muryar mutum daga but take fitowa, wani guɗum guɗum kamar an saka malamin a cikin randa yana magana. Na biyu in na sa kiɗa na ƙara sauti ya wuce 25 sai sifikun ƙofa su fara fat fat fat kamar ana karkaɗe tabarma, ni tsorona kar su yage tunda ba a banza na same su ba. Na uku bes ɗin ma ba shi da tsafta, duk waƙar da na sa amo ɗaya ne buuuu, ba ka bambance ganga da jita.

Na buɗe but na haska da waya, a jikin amfin akwai abubuwan murɗawa guda huɗu, an rubuta GAIN, LPF daga 50 zuwa 250, SUBSONIC, da BASS BOOST, sai wani ɗan makunni PHASE 0 da 180. Wallahi banda SUBSONIC da ke can ƙasa duk sauran an murɗe su har ƙarshe. Na koma wajen mutumina na tambaye shi sai cewa yayi ai haka ake yi in kana son ta fito da ƙarfinta gaba ɗaya. A cikin rediyon ma na ga wani waje an rubuta HPF yana kan OFF, ban taɓa ba don kar in ƙara kwaɓa abin. Ya zan yi? A lamba nawa ake ajiye su?

Rewaya Kaduna:

Wa alaikumus salam Ɗan Hotoro. To farko dai kar ka ƙara yi wa wannan wufar wulaƙancin da ake mata kafin ka gyara, rage sauti, don yadda ka faɗa ɗin nan saura ƙiris ka fara jin ƙaurin koyil, wato naɗin wayar da ke cikin wufar. Ɗan'uwan sana'ata ne ya haɗa maka ba zan zage shi ba, amma murɗe komai har ƙarshe ba saiti bane.

Bari in maka bayani yadda nake wa yarana a gareji. Kurosoba rariya ce kawai. In mace na tankaɗe, gari ya wuce ƙasa tsaki ya tsaya a sama, to haka LPF take, tana barin sauti mai kauri na ƙasa ya wuce zuwa wufa ta tare siririn. HPF kuma kishiyarta ce, tana barin murya da sauran kayan kiɗa su je ƙofa, ta tare musu bes mai nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Yanzu kai an bar LPF ɗinka a 250, muryar namiji kuwa gindinta yana farawa tun daga wajen 85 zuwa 180Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), kaga kenan rariyarka ta yage, muryar malam na zubowa cikin wufa shi yasa kake jin sa a but. Kuma HPF na kashe, wato kana tilasta wa sifika inci 6.5 ta yi 40Hz, aikin inci 12 kenan. Duk sanda sauti ya sauka da rabi, misali daga 80 zuwa 40, sai fatar sifika ta yi motsi ninki huɗu kafin ta ba da ƙarfi iri ɗaya, ina za ta samu wannan filin a cikin ƙofa? Fat fat ɗin da kake ji kenan, ta kai maƙura tana bugawa.

Ga yadda za ka yi. Mayar da BASS BOOST sifili tukuna, ka manta da shi. Ka shiga rediyo ka kashe LOUD da duk wani abin ƙarin bes, EQ ka mayar da shi FLAT. Sai ka kunna HPF, yawanci za ka ga zaɓi 50, 63, 80, 100, 125, ka ɗauki 80 ma na gaba. LPF ɗin wufa ita ma 80. Dalilin 80 ɗin nan ba wai wani sihiri bane, ƙasa da nan kunnen ɗan Adam yana shan wahalar gane daga ina sauti ke zuwa, to sai ka ji kamar bes daga gabanka yake tashi tare da kiɗan alhali wufar na bayanka. Da zarar ka haura 100, 120, kunne ya fara nuna maka but.

Na baya 6x9 ɗin nan ka kula da su, don gindinsu a cikin but yake, iska ɗaya suke sha da wufa, in ta buga tana tura fatarsu ko da ba a ba su komai ba. Ni nakan sa musu HPF a 100 in ɗan ja FADER, abin raba sauti tsakanin gaba da baya, zuwa gaba da biyu ko uku. Wasu ma cire su suke gaba ɗaya su bar ramin bes ya samu hanyar shigowa cikin mota, amma in kana ɗaukar iyali a baya bar su.

SUBSONIC kuma tunda akwatinka mai rami ne dole ka kunna ta, ita ce ke tare wa wufa sautin da ya yi ƙasa da yawa. Akwati mai rami yana da lambar da aka auna shi a kai, yawancin na kasuwa tsakanin 35 ne zuwa 45, ƙasa da wannan lambar akwatin ya daina riƙe fatar wufa, tana ta lilo a banza kamar babu akwati, ba sauti sai wahala. Ka ajiye ta wajen 28 zuwa 30. GAIN, wato abin daidaita ƙarfin sautin da ke shiga amfi, ka dawo da shi ƙasa sosai, ka sa waƙar da ka sani ka kai rediyo kashi uku cikin huɗu na ƙarshensa, sannan ka dinga ɗaga GAIN a hankali har bes ya zo daidai da na ƙofa ya tsaya nan. Gwada ka dawo mana da labari.

Baban Ummi:

Hhhh malam a cikin randa, wallahi na yi dariya don nima na taɓa shiga wannan. Amma Oga Kaduna ni fa ban yarda da 80 ɗin nan da kuke ta maimaitawa kamar karatun allo ba. Tawa a 110 take shekara biyu kenan kuma lafiya lau, don sifikun gabana ƙanana ne inci 4 a dashbod, in na yanke su a 80 kuka suke, sai a 125 suke samun sukuni, to in na bar wufa a 80 waye zai cike tsakanin 80 da 125? Rami za a bari. Kowa dai ya duba abin da ke motarsa. Kuma maganar gaskiya mu da muke jin kiɗan kalangu da na biki, wannan dukan da ke bugun ƙirji ba can ƙasa yake ba, in ka matse wufa da yawa sai ka ji tana ta gurnani amma babu duka.

Sannan BASS BOOST ɗin da aka ce a manta da shi, haba, kuɗi fa muka sa muka saya, ɗan kaɗan dai ba ya kisa.

Ɗan Hotoro:

Na gode ƙwarai Oga Kaduna, Allah ya ƙara buɗi. Jiya bayan la'asar na zauna na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Alhamdulillahi malam ya fito daga randa, murya ta dawo gaba tsaf, kuma fat fat ɗin ƙofa ya ɗauke, har 32 na kai babu ko ɗar.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo, bes ɗin ya gudu. Wato akwai wani nauyi can ƙasa da nake ji a kujera, amma dukan gangar nan da Baban Ummi yake faɗa babu shi kwata-kwata, kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Abin mamaki in na fito na tsaya a bayan motar ko na buɗe but sai in ji bes ɗin yana nan da ƙarfinsa, ina komawa kujerar direba sai ya ɓace. Abin da na yi shine na sa 80 a wajen SUB.W, wato saitin wufa na cikin rediyo, na kuma je na murɗa LPF na jikin amfi zuwa inda nake ganin 80 ne, don babu 80 a rubuce, 50 ce a farko 250 a ƙarshe sai na ƙiyasta. Akwai kuma wani abu SLOPE a rediyon mai 6, 12, 24, na bar shi a 12 yadda na same shi. Ko in ɗan ƙara BOOST ɗin ne kamar yadda Baban Ummi ya ce? Hannuna har ya kai na fasa.

Injiniya Zazzau:

Gara da ka fasa ɗan'uwa. BOOST ɗin nan a yawancin amfi wajen 45Hz yake ɗagawa, kai kuma ramin da kake ji yana wajen 70 zuwa 100, kaga ko ka murɗe shi gurnanin zai ƙaru ne dukan ba zai dawo ba. Kuma duk 3dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) da ka ƙara ninka wutar da amfi za ta fitar kake yi, 12dB kusan ninki 16 kenan, amfin da ba ta da wannan ƙarfin sai ta fara yanke kan sautin, wannan ne ke dafa koyil. Baban Ummi ka yi haƙuri, kaɗan ɗin ba ya kisa amma ba maganin wannan ciwon bane. Maganarka ta inci 4 kuwa gaskiya ce, motarka daban tasa daban.

Abu biyu nake zargi a wajenka Ɗan Hotoro. Na farko ka tace wufar sau biyu. Rediyo ya yanke a 80, amfi ta sake yankewa, rariya kan rariya. Ka sani kurosoba ba wuƙa bace da take datse sauti a 80 cif, gangara ce, SLOPE ɗin da ka gani kenan. 12 na nufin daga 80 zuwa 160 sauti zai ragu da kimanin 12dB, 24 kuma gangarar ta ninka tsayuwa. In ka haɗa biyu masu 12 sun zama 24, kuma a daidai 80 ɗin kowacce ta riga ta ɗan ci nata. Ƙari a kan haka abin murɗawar jikin amfi ba a raba shi daidai ba, inda ka ƙiyasta 80 zai iya zama 60 ba ka sani ba. To ka zaɓi ɗaya. Tunda rediyonka na nuna lamba ƙarara, yi amfani da nasa, ka mayar da LPF na amfi can ƙarshe 250 don ta kauce daga hanya. Eh na san abin dariya ne, inda rewayanka ya bar ta za ka mayar, bambancin shine yanzu rediyo na tacewa.

Na biyu kuma shine nafi zargi, tunda ka ce a waje akwai bes a kujera babu. A daidai wajen haɗuwar, wufa da ƙofa duk suna fitar da 80 ɗin tare. In fatar ƙofa na turowa waje a lokacin da iskar wufa ta iso kunnenka tana ja baya, sai su cinye juna. Filta mai 12 a kowane ɓangare da ma tana juya su su zama kishiyoyi a wajen haɗuwa, shi yasa sau da yawa masu amfani da 12 sai sun juya wufa ta dinga ja a lokacin da take turawa, aikin makunnin PHASE kenan. Ga kuma nisa, tsawon igiyar sauti ɗaya a 80Hz ya ɗan haura mita 4, rabinta mita 2 da 'yan kai, wanda bai yi nisa da tazarar da ke tsakanin but da kujerar gaba ba. Saboda haka babu wanda zai zauna a nan ya ce maka 0 ne daidai ko 180, sai an gwada a motar.

Gwajin ba wuya. Sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji a wayarka, ka sa 80Hz, sauti madaidaici kar ka cika. Zauna a kujerar direba ka rufe ƙofofi da gilasai, ka kwantar da kujerar baya in tana kwanciya wani ya miƙa hannu yana juya makunnin PHASE, ko ka yi daga rediyo in akwai NORMAL da REVERSE. In ta but za a shiga to a rufe shi kafin ka saurara, don buɗaɗɗen but na canza komai. Wanda ya fi ƙarfi da cika a kunnenka shine naka. In duka biyun kusan ɗaya ne, gwada SLOPE 24 a duka ɓangarorin ka sake, ko ka ɗaga wufa zuwa 100 ka bar ƙofa a 80 su ɗan hau juna.

Ga wanda rediyonsa ba shi da wannan saitin dole sai na jikin amfi, akwai dabara da mita. Cire wayar wufa, sa mita a AC a bakin amfi, buɗe LPF har ƙarshe, kunna 80Hz ka ɗaga har mita ta nuna bolt 10, sai ka dinga rage LPF a hankali har ta sauko bolt 7. Nan ne 80 ɗinka na gaskiya, ko me aka rubuta a jikin ƙarfen.

Ɗan Damagaram:

Sannunku da aiki malamai, muna ƙaruwa daga nan Zinder. Ni ƙari ɗaya zan yi kan na Injiniya, kafin ka ɗora wa wufa laifi ka tabbatar ƙofofin gaban su kansu ba a juya wayar ɗaya ba, tunda ka ce an canza su bara. Ya faru da ni, wata shida ina zagin sifika ashe ta hagu an sa jan waya a wajen baƙi. Ka kashe wufa, ka ja FADER gaba duka, ka sa kiɗa mai bes, sai ka kai BALANCE hagu gaba ɗaya ka dawo tsakiya. In bes ya fi yawa a gefe ɗaya ya ragu a tsakiya to ɗaya a juye take. Ko ka cire wayar ka taɓa ta da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, in ka sa kan batirin a wayar da ke da alamar + fata ta turo waje, duka biyun su yi iri ɗaya.

Sai maganar GAIN, kar ka bi abin da aka rubuta a kwali. Za ka ga an zana 2000W da manyan baƙaƙe, duba fis ɗin jikinta, in 30A ne ka ninka da bolt 14 na mota, wat ɗari huɗu da 'yan kai ne ke shiga gaba ɗaya, daga ina dubu biyu za ta fito? Irin wannan ka ɗauke ta a wat 300. In wufarka om 4 (4Ω) ce, 300 sau 4 ya ba da 1200, tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 1200, wajen 34.6, to da sautin gwaji na 50Hz da wufa a cire kar mita ta wuce bolt 34 a sautin da ka saba kaiwa ƙarshe. Ƙasa da haka ma ya fi, musamman in fitilunka na lumshewa da dare in bes ya buga.

Rewaya Kaduna:

Injiniya ya faɗi abin da na manta, laifina ne da ban ce maka waje ɗaya za ka yanke ba, na saba da masu rediyon da babu SUB.W a ciki. Kuma ka duba lambar motarka ta baya da murfin but, in suna kaɗawa ka sa musu soso ko roba a ƙasa, mutane da yawa na ɗauka wufa ce ke ƙara alhali faranti ne ke rawa.

Ɗan Hotoro:

Jama'a an dace. Yau da safe kafin in fita na kira ƙanina ya zauna a baya, na mayar da LPF ɗin amfi ƙarshe na bar na rediyo a 80, nan take ma abin ya ɗan motsa. Da muka sa sautin gwajin kuwa yana juya makunnin zuwa 180 sai da madubin tsakiya ya fara rawa, na ce masa mayar 0, shiru kamar an ɗauke wuta, ya sake juyawa ya dawo. Wallahi ban taɓa zaton ɗan makunnin nan na da wannan aikin ba. Na yi gwajin BALANCE ɗin Ɗan Damagaram ma, ƙofofin lafiyarsu ƙalau, a tsakiya bes ya fi yawa. Fis ɗin kuwa na duba 30 ne cif, kwalin kuma 1800W aka rubuta, na dai yi shiru.

Yanzu gaba na 80, baya na 100, wufa na gwada 80 na gwada 100, a 100 dukan gangar ya fi fitowa amma da na sa labarai sai na ji ɗan kauri yana leƙowa daga baya, sai na dawo 80 na ƙara matakin SUB.W da biyu. Mita ce ba ni da ita, GAIN ɗin da kunne na yi yana ƙasa da rabi, ran Asabar zan ara wajen maƙocina mai gyaran talabijin in auna. Oga Kaduna lambar motar ma ka canka, ita ce ke zirrr, na cusa guntun silifa a bayanta kafin in samu soso. Tambaya ɗaya ta rage, akwatin yanzu bakinsa na kallon kujera, in na juya shi ya kalli murfin but sai na sake gwajin 0 da 180 ɗin ko?

Injiniya Zazzau:

Eh sai ka sake, don ka canza tafiyar da sautin ke yi kafin ya iso ka. Juya shi ka matsar da shi kusa da murfin amma ka bar wa ramin kamar tafin hannu ya samu numfashi, a irin motarka galibi haka ya fi ba da bes. Ka ɗaure akwatin kuma kar ya dinga yawo a but in ka taka birki.